Surukata Mai Kati Uku

Anti, don Allah ki taimake ni, murna da fargaba sun haɗe mini a ciki.

Shekarata goma sha shida a ɗakin kati na asibitinmu, ina hawa tsani ina shaƙar ƙura, har ɓerayen wurin sun san ni. Watan jiya aka kawo mana kwamfuta, aka ce mu shigar da bayanan kowane mara lafiya. Wallahi Anti, daɗi kamar ya kashe ni! Katin da nake kwashe awa guda ina nema, yanzu kafin mutum ya gyara zama ya fito. Ni da ko wayata sai 'yata ta saita mini, yau ni ce ke koya wa nas-nas. Maigidana har ya sa mini suna Injiniya.

To, ranar Talata ina cikin shigar da tsofaffin katuna, sai kwamfuta ta nuna mini guda uku masu adireshi ɗaya. Ina dubawa, ashe duk na surukata ne, uwar mijina. Ɗaya da sunanta na yanka, ɗaya da sunan marigayi mijinta, ɗaya da laƙabin da jikoki ke kiranta. Duk wanda ya rako ta kunya ke hana shi faɗin sunanta, sai ya ba da wanda bakinsa zai iya. Na ƙarshen ma, Allah na tuba, ni na buɗe mata da hannuna.

A mafi tsufan an rubuta da jan biro cewa wata allura ta taɓa kumbura ta har numfashinta ya sarƙe, kada a ƙara yi mata. Katin da likita ke dubawa yanzu, wato wanda na buɗe mata, babu wannan. Kuma ranar Litinin za a yi mata aikin ido.

Dokar aikinmu ta hana buɗe katin dangi, kwamfutar kuma tana ajiye sunan duk wanda ya buɗe. Ina tsoron a raba ni da aikin da yanzu na fara jin daɗinsa. In kuma tsohuwa ta ji na karanta ciwonta, ina zan sa fuskata?

Mai Ɗakin Kati

Ƙanwata Injiniya,

Na taya ki murna, kuma kwamfutar nan ta riga ta biya wahalar kawo ta.

Dokar tana da dalili, don ba mai son dangi su san ciwonsa ta bayan fage. Amma ke ba leƙe kika je ba, aikin da aka sa ki ne ya kai ki. Gobe da safe ki sami shugaban sashenku ki faɗa masa komai, har da katin da kika buɗe da laƙabi. Gara ya ji daga bakinki kafin kwamfuta ta faɗa. Ki roƙe shi ya ba wani ma'aikaci haɗa katunan, sannan ku je wurin likitan tare, kada ki bari a shiga Asabar.

Abin da kika gani kuma ya tsaya a asibiti, ko maigida kada ya ji. Likita ne zai tambayi tsohuwa, fuskarki na nan a inda take.

Kunyar suruka abu ne mai kyau, amma a gida. In har bakinki ya ƙi faɗin sunan nata gobe, ki rubuta shi a takarda ki miƙa wa likita.

Allah ya sa a yi aikin lafiya, ta buɗe ido ta gan ki.