Tikitin Da Aka Ci a Karta

Maraɗi, Oktoba 2016

Ɗan'uwana Malam Dalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Babanka, Ya kai haske kabarinsa. Tunda ka daina ɗaga wayata, ba ni da hanya sai takarda, shi ya sa na ba Issoufou ɗan garinmu da zai dawo sakan ɗinmu, wato masaukinmu na unguwar Sulay a Riyadh.

Na san abin da ke ranka. Amma ka tuna, mudir, manajan kamfaninmu, shi ne ya ce direba ɗaya kaɗai zai samu hutun Babbar Sallah da tikitin jirgi zuwa gida, ga mu mu shida, kowa da uzurinsa. Ba ni na kawo zancen karta ba. Dawuda ne ya ce mu buga poka ɗin da 'yan Filifin suka koya mana, da marufan kwalbar lemo, tunda ba kuɗi a ciki, wanda ya tattare marufan kowa shi ne mai tafiya. Da bakinka ka ce ka yarda.

Da muka rage mu biyu, nawa marufan sun yi tsibi, naka ba su cika tafi ba. Mai tsibi matsawa yake yi, haka wasan yake, ko ya faɗi sau biyu yana nan zaune. Mai kaɗan kuwa ba shi da lokacin jira, zubin dole yana cinsa kowane zagaye. Da ka tura duka tun suna da ɗan auki, da sai na yi tunani kafin in bi ka. Sai ka zauna jiran karta mai kyau har suka ƙare.

Matata Delou ta sauka lafiya, namiji. Ka san shekarun da muka yi muna nema.

Ka huta lafiya.
Naka, Nafiou

Riyadh, Nuwamba 2016

Nafiou,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Allah Ya raya yaro.

Na ga ka zama malamin karta, har kana karantar da ni. To, sannu da ƙoƙari. Abin da ba ka rubuta ba shi ne, a gabanka Bilƙisu ƙanwata ta kira ni ranar Juma'ar nan, tana kuka tana cewa, "Yaya, Baba ya daina cin abinci, sunanka kawai yake kira." Gadonka yana saman nawa, ka ji komai. Bayan La'asar muka shimfiɗa kwali muka zauna.

Ka ce in tura duka. Kai in ka tura ka faɗi, marufai ka rasa. Ni fuskar mahaifina nake turawa. Ka san halin da nake ciki, kuma da shi ka yi aiki. Duk zubin da na yi sai ka ninka, ba ka ko duba kartarka. Akwai zagayen da na riƙe sarki da goma, ka turo tsibin nan gabana, na ji tsoro na ajiye. Sai ka buɗe bakwai da biyu, tarkacen banza, ka ce, "Dalhatu, ai ba ni da komai!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Dariyar ce ba ta bar kunnena ba.

Ranar da aka kai Baba makwancinsa ina kan titi da tirela cike da siminti. A gefen hanya na tsaya na yi kukana, mudir yana kira yana cewa yalla, yalla, in yi sauri.

Kuma har yau na kasa gaya wa Inna cewa a karta na rasa zuwa.

Wassalam.
Dalhatu

Maraɗi, Disamba 2016

Malam Dalhatu,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Na karanta, ban ji daɗi ba, amma ba zan ce maka da na bar maka tikitin ba. Ni ma matata tana dab da haihuwa a lokacin.

Akwai abin da na ga Bilƙisu ba ta gaya maka ba. Da na ji rasuwar na shiga mota na tsallaka Jibiya zuwa garinku. Na samu jana'iza, da kafaɗata na ɗauki makara, ni na shiga kabari tare da kawunka. Inna ta tambaye ni me ya hana ka zuwa, na ce kafil, mai kamfanin da ya ɗauke mu aiki, shi ne ya ƙi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ka tsaya a madadin ɗana."

Yanzu ga halin da nake ciki. Yaron ya kwanta asibiti da shawara, na kasa tafiya na bar su, har bizar komawata ta ƙare. Mudir ba ya amsa mini saƙo. Kai yana jin maganarka. Don Allah ka shaida masa dalili, a sabunta mini, kada a ba wani motata. Ba ni da wani abin yi a nan.

Delou tana gaishe ka.
Ɗan'uwanka, Nafiou

Riyadh, Janairu 2017

Nafiou,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba yaro lafiya.

Ashe har kabarin ubana ka shiga, Inna ta sa maka albarkar da take tawa. Na gode.

Shekaranjiya mudir ya tare ni a bakin sito, ya ce, "Ina Nafiou? Zai dawo ko in ɗauki wani?" Takardarka tana aljihuna. Na ce masa ban san inda kake ba.

An ba wani ɗan Bangaladash motar. Kayanka na ɗaure su, suna wurin Issoufou.

Ka gaida Delou.
Dalhatu