Motar Marar Dangi

Yaya,

Ɗazu ba ka bari na kai aya ba ka kaɗa kai ka fita, shi ya sa na rubuta. Ka ce na sayo motar marar dangi, tunda kujerarta biyu ce. Na ji. Amma ba don 'yan mata na saye ta ba, kamar yadda ka faɗa a gaban Umma.

Shekara uku ana kawo ta garejinmu, ni ke juye mata baƙin mai. Ta hannu ce, na sani, kuma na san duk inda take ciwo. Baba nake so in fara ɗauka. Tun da ya ajiye tuƙi ba ya zuwa ko'ina sai asibiti.

Bayan fitarka na fito da shi. Motar ta yi ƙasa da yawa, gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa. Sau uku muna gwadawa yana riƙe da wuyana. Ya yi dariya ya ce, "Bar ta, auta, wannan ta masu sauran ƙashi ce." Ya shafa rufinta ya koma ciki. Ni kaɗai na zaga layi na dawo.

Na wuce aiki. Makullin na kan firij. In rana ta juyo ka matsar da ita inuwa, amma kada ka shigar da ita gida, cikinta zai daki dokin ƙofa.

In na ɗaga ta taƙi guda, ko da kyanta zai tafi, kana ganin Baba zai yarda ya sake gwadawa?