Halleluyar Inna Debora

Tawa, 28 Fabrairu 1994

Ƙanwata cikin Ubangiji, Lidiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lahiya, ya aikin asibiti? Bayan haka, na yi wa mahaifiyarki laifi, gara ki ji daga bakina. Kin san ƙa'idarmu: kwana arba'in na azumi ba a rera Halleluya a majami'a, sai Paska, idin tashin Almasihu. Lahadi biyu a jere Inna Debora tana mantawa, ta ɗaga murya da ita, ita kaɗai. Jiya mutane suka yi dariya, ni kuma shugaban mawaƙa zuciya ta ɗebe ni. A gaban kowa na ce, "Inna, in ba ki iya jira, ki zauna gida sai Paska." Ta naɗe littafin waƙoƙinta a zane ta fita. Matar da ta koya mini waƙa! Yau aka ce ta taho wurinki. Ki ba ta haƙuri.

Yayanki, Sulemanu

Takanamat, 10 Maris

Yaya Sulemanu,

Muna gaisuwa. Ba mantuwa ba ce. Tun Janairu likita ya gaya mata ciwonta ba na tashi ba ne, ta hana ni faɗa. Shekara talatin ita ke buɗe Halleluyar Paska, tana tsoron bana ba za ta kai ba, shi ya sa ta yi gaggawa. Yanzu ta kulle bakinta. Maƙwabciyarmu Habsatu, mai kawo mata kunun buɗa-baki, ta ce, "Inna, yi waƙarki, wa zai hana ki nan?" Inna ta ce, "Yaron ya yi gaskiya, sai Paska." Ni dai na ji haushinka.

Lidiya

Tawa, 19 Maris

Lidiya,

Ina gaishe ku. Kunya ta ishe ni. Ki ce mata na janye maganata, ta rera yau ma. Da na zo yanzu, amma bitar waƙoƙi ta riƙe ni. Ranar Paska da an tashi zan taho da mawaƙa huɗu, ita za ta buɗe mana. Allah ya ba ta sauƙi.

Sulemanu

Takanamat, 31 Maris

Yaya,

Kada ku nemi mota. Inna ta rasu jiya Laraba, saura kwana huɗu. Na karanta mata wasiƙarka, na roƙe ta, ta ce a bakinka aka hana ta, a bakinka take son ji. Ga littafinta a hannun direban da ya kawo wasiƙar nan, ta lanƙwasa shafin Halleluya. Ta ce ranar Lahadi kai za ka buɗe.

Ka huta lahiya.

Lidiya