Kunnen da jirgi ya toshe

Madarunfa, daren Alhamis, watan Mayu, 1996

Inna ta dawo daga Makka yau. Na tarbe ta da ta sauko daga mota. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, a hannu ta riƙo shi. Tun daga Jidda har Yamai ba ta motsa daga kujerar jirgi ba, ta ɗauka wanda aka ɗaure da bel ba ya tashi. Wajen sauka kuma kunnuwanta suka toshe, har yanzu sai an yi mata ihu.

Gida ya cika da masu yi mata barka da zuwa, na ce, "Inna, ki kwanta, mutane su dawo gobe." Ta harare ni. Wai wanda ya yo tattaki daga Safo neman addu'ar mahajjaci ba a ce masa gobe.

Haka ta zauna bisa tabarma, na tsoma mata ƙafa cikin ruwan ɗumi. Ba ta jin abin da suke roƙo, amma ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Mai neman haihuwa, mai ɗa a Najeriya shiru, kowa da tasa. Shekara saba'in tana sauraren garin nan, yau me za a gaya mata?

Ni ban roƙi komai ba. Ina tsane mata ƙafa ta dafa kaina ta ce, da ƙarfi irin na kurame, "Allah ya shirya ka da yayanka." Shekara biyu ba ma magana, na ɗauka mun ɓoye mata.

Da asuba zan kama hanyar garin Gabi, wajen Yaya.