Na Manna wa Sojoji Arba'in Kan da Ba Nasu Ba

Malama Indrani,

Ki taimaki tsoho, don na yi ɓarna a shagon 'yata, ga shi kujerata na neman kuɓuce mini. Ni ban yi makaranta ba. Maƙwabcina Ariyasena, wanda ya shekara talatin yana raba wasiƙu a garin nan, shi ke karanta mini filinki na jarida duk Lahadi, shi ne kuma ke rubuta wannan. Na ce ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Shekarata saba'in da huɗu. Masassaƙin fuskokin rawa ne ni a nan Ambalangoda, kamar ubana da kakana. Fuskokin cututtuka goma sha takwas ɗin nan da ake sawa a rawar magani, har gobe zan jero miki su, in gaya miki wadda ake wangale wa baki da wadda ake karkata wa ido. A layinmu ni kaɗai na rage da ya san su duka. Ubana yakan saro itacen kaduru gungume ashirin a tafi ɗaya, ya jera a saman murhu hayaƙi ya busar da su. Amma ranar da ya ɗora gizago a kan guda, ba ya duban wani sai wannan ya sami ido da baki. Yakan ce fuskar da aka fara ba a barinta ta kwana rabi. A kan haka na tashi, ban taɓa tambayarsa dalili ba, don a zamaninmu tambaya mari take jawowa.

Yanzu kafaɗata ba ta ɗaga gizago, masu kiran rawar magani ma sun yi ƙaranci. 'Yata Thushari ke riƙe da gidan. Shekara bakwai ke nan da ta buɗe shago a bayan tashar jirgin ƙasa. Turawa ke aiko mata da kwalaye cike da 'yan sojojin roba, kowanne bai kai ƙaramin yatsana ba, a wargaje, ƙafa daban, ƙirji daban, kai daban, duk a maƙale jikin wata ragar roba. A yanko, a kankare, a haɗa, a yi fenti, a mayar musu. Wai manyan mutane ne masu gemu ke jera su a tebur suna wasan yaƙi. Ban ga laifinsu ba, mu ma da aljanun katako muka ci abinci.

Da uwarta Karunawathi ta rasu bara waccan, na zauna a gida ina kallon bango. Thushari ta zo ta ɗauki 'yar wuƙata ta sassaƙa ta jefa a jakarta, ta ce in ina son abata in biyo ta shago. Na bi wuƙar. Ta ba ni kujera a bakin taga, kusa da tata, har gwiwarmu kan gogi juna in ta juya ɗaukar gam.

Aikina haɗawa da kankara. Injin da ke zubo robar yakan bar wani siririn layi a jikin kowace gaɓa, ɗinki muke ce masa. In ba a kankare shi ba, fenti na hawa zai fito ɓaro-ɓaro. Ni soja ɗaya nake ɗauka, in yanko duk gaɓoɓinsa, in bi ɗinkin da bayan wuƙa har gindin takalmi, in goge da ganye mai kaushi irin wanda muke goge katako, in haɗa shi, in sa masa kai, in tsayar da shi, sannan in kira na gaba. Tara nake yi a yini, ranar da jiki ya yi daɗi goma sha ɗaya. Matan da ke aiki tare da mu su shida ne, kowacce arba'in take tashi da su. Ƙafafu suke fara yankowa gaba ɗaya, sannan ƙiraza, kawuna kuwa a zube a faranti kamar gyaɗa. Sewwandi, wadda ta fi su baki, takan ce, "Kaka, wannan sojan naka gidan surukai za shi? Har gindin takalminsa za su leƙa?" Ni kuma in ce nata sojojin ko uwar da ta haife su ba za ta bambanta su ba. A yi dariya, a kawo shayi.

Da haka muke tafiya har wata ƙungiya a Jamus ta aiko da sojoji ɗari shida, tana son su kafin ranar gasarta. Thushari ba ta taɓa samun aiki mai girman wannan ba, ta ce in ya yi kyau, duk shekara nata ne. Ta roƙe ni in yi irin na matan. Na ce ba zan jera mutane babu kai ba. Ta ce, "Baba, roba ce fa, ba ta san gari ya waye ko bai waye ba." Na yi kamar ban ji ba.

Juma'ar da ta wuce aka tashi ƙarfe biyar, aka bar guda arba'in a kan tire, a tsaye, babu kai ko ɗaya. Na ce wa Thushari ta yi gaba, zan rufe taga in biyo ta. Na jawo farantin kawuna na zauna. Akwai takarda mai lambobi a gefe, amma ni da takarda sai kallo. Da ido na zaɓa. Wanda ya ɗaga takobi na ba shi mai buɗaɗɗen baki, wanda ya durƙusa na ba shi mai tabo a kunci. Masu hular ƙarfe na ture su gefe, don ba su da fuska. Kafin rana ta faɗi na gama, na tafi gida ina jin daɗin kaina.

Ashe masu hular ƙarfen aka ce a sa wa duka arba'in ɗin, sauran kawunan rara ne. Ashe kuma da gangan aka bar su haka, don mai fenti ta sami hanyar shigar da burushi cikin wuyan sulke. Gam ɗin da na manna su da shi kuwa narkar da robar yake ta zama abu ɗaya, ba a ɓamɓarewa. Da safe Thushari ta ɗaga guda, ta jujjuya shi, ta ce, "Sun yi kyau, Baba." Sai ta ɗauki ƙaramin zarto ta zauna. Kwana biyu ta yi tana yanke musu wuya ɗaya bayan ɗaya, ina gefenta. Da ta yi mini tsawa da na fi jin sauƙi.

Na sayo mata kifin da ta fi so na kai gida, ta dafa muka ci. Ran Talata ta kawo mini shayi da guntun mazarƙwaila, ta ce ta yi tunani, daga sabon wata in koma bakin ƙofa, in rataya tsofaffin fuskokina, baƙi su zo in riƙa ba su labari. Wai in huta. 'Yata, ni na san abin da ake nufi in an ce wa tsoho ya huta.

Tun da na fara, bari in ƙarasa. Abu biyu ban gaya mata ba. Idona na hagu ya fara hazo, ɗinkin nan ban cika ganinsa ba, da babban yatsa nake laluben sa. Na biyu kuma, shekarar da teku ya hau mana gari, ina cikin waɗanda suka kwaso mutane muka jera su a farfajiyar wurin ibada, aka lulluɓe musu fuska. Thushari tana yarinya lokacin, na hana ta zuwa wajen. In na ga tiren nan a jere, can nake komawa. Ariyasena ya ajiye biro yana kallona, na ce ya ci gaba da rubutu.

Saura kwana goma sha tara a aika kayan. Ki gaya mini yadda zan yi sauri ba tare da na bar su haka ba. Kada dai ki ce in huta, an riga ki faɗa.

Tsohon masassaƙi,
Ambalangoda

Baba,

Ba zan ce ka huta ba. Amma zan fara da mai ɗaci: ka yi laifi, kuma kifi ba ya ba da haƙuri. Kwana biyu ka ci wa 'yarka a lokacin da take ƙirga kowace safiya, ga mata shida da abincinsu ya rataya a kan wannan aiki. Ka buɗe baki ka ce mata ka yi kuskure. Ban ga alamar korarka take son yi ba. Mai son rabuwa da kai ba za ta zauna da zarto kwana biyu ta haɗiye magana ba. Ta rasa yadda za ta riƙe ka ta riƙe aikin ne a lokaci guda, sai ta zaɓi abin da take ganin ba zai kunyata ka ba.

Na kai wasiƙarka wurin wata mai irin wannan sana'a, muka zauna a kanta. Ta ce abin da ke cinye maka yini ajiye wannan ƙarfe da ɗaukar wancan ne, sau ɗari kafin azahar. Hannu yakan yi gudu in ya daɗe a kan motsi ɗaya. Ubanka ma ya san haka, shi ya sa yake saro gungume ashirin a tafi ɗaya. Dokarsa daga kan fuska ta fara. Ƙafa da ƙirji da ba a haɗa ba, gungume ne kawai.

To ka samo kiret ɗin ƙwai. Ka ɗauki sojoji goma, kowanne da raminsa. Ka yanko gaɓoɓinsu duka da filayar yanka, shafaffen gefenta na kallon gaɓar, ka bar ɗan tsini ka share da wuƙa daga baya. Ka ajiye filaya, ka kankare duka goman. Fitila ta kasance a gefe, don hasken da ya zo ta gefe yakan sa ɗinki ya yi inuwa. Ka bi kai da kafaɗa da hannu da makami, inda ido ke sauka. Gindin takalmi da abin da garkuwa za ta rufe, ka yafe musu. Inda gaɓa biyu za su haɗu ma kada ka wahala, gam zai narkar da shi. Ganyen nan naka ka adana shi don manyan wurare masu faɗi kamar alkyabba. Sannan ka haɗa goman a jere. Goma kafin shayin safe ya huce a cikinka, goma kafin a tashi. Ba na yi maka alkawarin arba'in, amma ashirin ko ashirin da biyar ba su fi ƙarfinka ba.

Maganar kai kuwa tana da magani mai arha. Akwai ɗanko mai laushi da ake liƙa takarda a bango da shi. Ɗan mitsitsi a wuya, ka ɗora kan, ya zauna daram, da safe mai fenti ta cire shi da yatsa biyu. Ka roƙi Thushari ta bar maka wannan aiki duk yamma, a kan tiren kowa. Lambobi kuma kada su dame ka: ta ɗiga fenti ja a farantin kawunan da ake so, ka bi ja.

Idonka ka kai asibiti makon nan. Hazon da ka kwatanta sau da yawa yanar ido ce, kuma likitoci na cire ta. Su za su tabbatar, ba ni ba. Kafin nan a samo maka gilashin ƙara girma. Yatsan nan da kake jin kunyarsa kuwa, matar da na tambaya ta ce da za ta sami mai gane ɗinki da lalube, shi za ta sa ya bi kayan kowa kafin fenti.

Bakin ƙofa ma kada ka raina shi gaba ɗaya. Fuskoki goma sha takwas a kan mutum ɗaya suke, kuma mutumin ya haura saba'in. Yini ɗaya a mako ka ba su, Ariyasena na rubutawa, sauran kwanakin kana bakin tagarka.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba sai ka gaya wa Thushari abu biyun da ka gaya mini. A yanzu abin da take gani kawai tsoho mai taurin kai. Yarinyar da ka hana zuwa farfajiyar nan ta girma, tana ciyar da gidaje bakwai, za ta iya ɗaukar labarin. A kwana goma sha taran nan ka bi umarninta kamar kowace ma'aikaciya, ko da ranka bai so ba, ka bar hannunka ya yi maka roƙon kujerar. Ka same ta gobe da safe kafin matan su iso, ka fara da ban haƙuri.

Ina yi maka fatan ido ya washe, kaya su isa a kan lokaci, ku daɗe kuna aiki gefe da gefe kai da 'yarka.

Taka,
Indrani