Jirgin da Robar Keke Za Ta Riƙe

Laraba da dare, Funtua.

Alhamdu lillahi, yau dai na zaɓa! Mako biyu ke nan ina juya littafin hotunan jiragen wasan nan marasa inji, waɗanda ake sarrafawa da rediyo daga ƙasa, iska mai zafi ta ɗaga su kamar shirwa. Gobe Malam Yohanna, abokin koyarwata, zai tafi kwas Ingila, kuma ya ce zai sayo mini, amma guda ɗaya tak jakarsa za ta ɗauka.

Da farko raina na kan wani fari mai sheƙi, ga shi da tsada. Da yamma na kai wa Ibro kafinta littafin. Ko kallon kirki bai yi wa farin ba.

"Malam, a ina za ka sauke shi?"

Na ce a gonar bayan makaranta.

"Cikin kututturen dawa? Kai da ba ka taɓa tuƙawa ba? Ranar farko zai tsage, ni kuma ba ni da abin liƙe wannan."

Wallahi na ji haushi, don gaskiya ya faɗa. Sai ya dangwala yatsa kan wani mummuna na katako, mafi araha a shafin.

"Dubi fiffiken, da roba aka ɗaure shi. In ya faɗi, robar ce za ta tsinke. Katakon kuwa, gam ɗina na nan."

Shi na rubuta wa Yohanna.

Da na dawo gida na yanka tsohuwar robar tayar kekena siri-siri, uwargida na ta yi mini dariya. Jirgi ko sayensa ba a yi ba, amma kayan gyaransa na rataye a ƙusa.