Ya canza min modabod, ya goge muryar Babana

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata tafasa take yi.

Ni mace ce a Fadaman Mada, sana'ata zana katin biki da haɗa bidiyo a kwamfuta, irin ta kan tebur ɗin nan. Ta tsufa, in na buɗe bidiyo sai ta sanƙare. Akwai ɗan Baffana, Yaya Sadi, yana da shagon gyara a Gwallaga, shi ya ce a canza mata modabod, wato babban allon da komai yake manne a kansa, a ƙara ram mai sa ta sauri, za ta dawo sabuwa. Na yarda. Ranar da na kai masa, na nuna masa had-dis, wato ma'ajiyar da komai nawa yake ciki, a gaban abokansa na ce, "Yaya, ka taɓa komai amma ban da had-dis, muryar Baba tana ciki." Ya ce in daina koya masa aikinsa.

Lokacin jinyar Babanmu, Allah ya jiƙansa, kullum nakan zauna kusa da shi ina ɗaukar muryarsa a waya yana ba da labarin gidanmu na cikin gari, da yadda ya haɗu da Mama, har da addu'ar da ya yi wa kowannenmu da sunansa. Kada wani ya zo min da "me ya sa ba ki ajiye a wani wuri ba", wayar da na ɗauka da ita an zare min a keke, wanda na juye a kwamfutar kaɗai ya rage.

Da na je karɓa, kwamfuta tana gudu kamar me, amma wayam. Wai da ya ɗaura sabon allon ta ƙi tashi, shi ne ya yi fomatin, wato ya goge komai na ciki, ya zuba mata wasu manhajoji har da finafinai wai kyauta ya ba ni. Ko kira bai yi ba. Na zauna a benci ina kuka, shi kuwa cewa ya yi, "To mamaci zai dawo ne don kin ji muryarsa?" Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba, kuma ban yi nadama ba. Na kai wa wani mai gyara, Bulus, a wajen Shadawanka, ya kwana biyu a kai, ya ce abin da aka zuba ya danne na da, sai guntu ɗaya ya samo, Baba yana tari yana cewa a miƙo masa ruwa.

Har yau Sadi bai ce in yi haƙuri ba, yawo yake a dangi wai ya gyara min na saka masa da zagi. Mama ba ta san an goge ba, tana ta cewa in kunna mata, ni kuma ina cewa ana gyara.

Yanzu an sa ranar aurensa. Baffa da kansa ya kira ni ya ce ni zan yi katin, kuma in je in ba yayana haƙuri tunda ni ce ƙarama. Baffa shi ne ubanmu yanzu, ban taɓa ce masa a'a ba.

In yi katin in haɗiye, ko in tara su gaban Mama in sa Sadi ya faɗa mata da bakinsa abin da ya yi? Wanda zai ce min zumunci kawai, ya riƙe shawararsa.